Daga 1960 zuwa 1974: gwamnatin da ta iya karɓar lanho, ta kasa kai hatsi



Duk shekara in 3 ga watan Agusta ta zagayo, muna dasa itatuwa, manya su yi jawabi, mu kuma a rediyo mu tuna ma jama'a cewa a rana irin wagga ce, a 1960, Nijar ta samu ƴancin kanta. Amma akwai tambayar da ba mu cika tsayawa a kanta ba. Ranar da anka sauke tutar Faransa anka ɗaga tamu, mi anka danƙa ma Diori Hamani a hannu? Tuta mun gani, taken ƙasa ya biyo baya, kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya ma mun samu. To, gwamnatin fa? Wato ma'aikatan da za su yi aikin, da kuɗin da za a biya su, da hanyar da za su bi su kai ga talaka. Wannan shi ne zancenmu na yau, kuma za mu bi shi tun daga ranar ƴanci har daren da soja sunka kifar da jamhuriya ta farko.

Gadon da anka bar mana

Mu fara da ƙasar kanta. Faɗinta murabba'in kilomita 1,267,000 ne, mutanenta a lokacin wajen miliyan 3. Babu teku, babu jirgin ƙasa. Kwalta kuwa, in ka fita daga tsakiyar Yamai, sai dai labari. Daga Yamai zuwa Ngigmi kusan kilomita 1,500 ne, kuma da damina motar da ta tashi daga babban birni kan yi kwanaki kafin ta ga Damagaram. A cikin yara 100 da sunka isa shiga lakwal, waɗanda ke cikin aji ba su kai 5 ba. Jami'a babu ita. Sai a farkon shekarun 1970 anka kafa ta Yamai.

Wannan ba abin mamaki ba ne in munka duba yadda Nasara ya ɗauki ƙasar. Har 1922 yankin soja ne, kuma ko bayan ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka, daga Dakar ake juya ta. A 1926 anka ɗauke babban birni daga Damagaram anka kai Yamai. Mulkin da sunka gina ba shi da nauyi ko kaɗan: kumandan guda a bariki, da tafintansa, da akawu, da ƴan gardi, sai sarakunan kanto da masu gari a ƙarƙashi. Ayyukansa uku ne: a tara lanho, a kamo mutane aikin tilas, a hana tawaye. Aikin tilas an soke shi a 1946, sauran biyun kuwa sunka zauna daram. Wannan keken mulki shi anka miƙa ma shugabanninmu na farko, sannan anka ce su ilmantar da jama'a da shi, su warkar da su, su ciyar da su. Jakin da anka horar don ɗaukar kaya ne anka ɗaura ma sirdin sukuwa.

Su wa za su hau? Galibinsu malaman makaranta ne. Diori Hamani mushe ne, Boubou Hama da ya zama shugaban majalisa mushe ne, Djibo Bakary ma haka, dukkansu sun bi ta makarantar William Ponty ta Senegal. Ku lura da abin da wannan ke nufi. Duk malamin da ya zama minista ko depite ko shugaban wata ma'aikata, aji guda ya bari babu kowa. Ƙasa tana buƙatar masu ilimi a ofis yau, tana kuma buƙatar su a aji don a samu na gobe, alhali mutanen su ne dai ƴan ƙalilan ɗin nan.

Kaɗan ɗin ma an raba shi biyu

Tun kafin ƴanci wannan ɗan jari na mutane ya fashe. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Janar De Gaulle ya tambayi ƙasashen da Faransa ke mulka: za ku zauna cikin tarayya da mu, ko za ku tafi yanzu? Djibo Bakary, wanda ke jagorancin gwamnatin cikin gida a lokacin, da jam'iyyarsa Sawaba mai alamar raƙumi, sunka ce a'a. PPN-RDA ta Diori, mai alamar giwa, ta ce i, tare da akasarin sarakuna, ga kuma sabon gwamna Colombani da Faransa ta turo ya sa dukkan nauyin bariki a wannan ɓangare. I ta yi rinjaye. Ranar 18 ga Disamba 1958 anka kafa jamhuriya, a 1959 kuma anka haramta Sawaba.

Yawanci in ana wannan labari, wa ya yi gaskiya wa ya ci amana ake gardama. Mu abin da muke so ku duba daban ne. A cikin Sawaba akwai malamai, da ma'aikatan gidan waya, da malaman asibiti, da ƴan ƙungiyar ƙwadago, da direbobi, da ƴan kasuwa, musamman a Damagaram, Maraɗi, Tasawa da sauran garuruwan gabas. Wasu sunka shiga kaso, wasu sunka tsallaka Kano, Akara ko Bamako, wasu anka kore su daga aiki. Ƙasar da ba ta da isassun masu riƙe alƙalami ta zubar da wani babban kaso nasu tun ba a fara tafiya ba.

Sai kuma karo na biyu. A zamanin mallaka ofisoshinmu cike suke da ƴan Dahome, wato Benin ta yanzu, saboda boko ya riga zuwa can. Su ne akawuna, su ne masu ajiyar kuɗi, su ne malamai da yawa. A ƙarshen 1963 rikici ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu, har da batun tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara, gwamnatin Nijar ta kori dubban ƴan Dahome, ciki har da ma'aikatanta. Tsibirin dai sai a 2005 kotun duniya ta tabbatar ma Nijar da shi. Amma giɓin da korar ta bari a ofisoshi, a take anka ji shi.

Wa ya cike giɓin? Faransawa. Kusan kowace ma'aikata tana da mashawarcinta Bature a bayan minista, makarantun sakandare galibin malamansu Turawa ne, kasafin kuɗi yana jiran tallafin Faris, kuma bisa yarjejeniyar tsaro ta 1961 sojan Faransa na zaune a ƙasar. Gwamnati ta san da matsalar, shi ya sa ta buɗe makarantar horar da ma'aikata, ENA, a 1963. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Mai mulkin gunduma da ya san aikinsa ba a yin shi a wata shida, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da sunka gina

A nan dole mu yi adalci, don akwai masu ɗaukar cewa shekarun nan 14 barci kawai anka yi. Ba haka ba ne. Yawancin sunayen da iyayenmu sunka tashi da su a wannan zamani anka haife su. A 1961 an kafa rundunar sojan ƙasa da bankin BDRN. A 1962 an kafa SONARA mai sayen gujiya, wato gyaɗa, da COPRO-Niger mai shigo da kayan masarufi, da UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma da bashin noma. Masana'antar siminti ta Malbaza ta tashi, NIGELEC ta zo a 1968, gadar Kennedy ta haɗa gaɓoɓin Yamai biyu a 1970, Kanada kuma ta taimaka da hanyar da anka raɗa ma suna Hanyar Haɗin Kai, daga Gure zuwa Ngigmi. Dokar 1964 ta raba ƙasar jihohi 7: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram, prefe da sufurefe sunka maye gurbin kumandan.

A waje ma Diori ya yi suna. A Yamai anka kafa ƙungiyar da ta zama tushen Francophonie, ranar 20 ga Maris 1970. A yaƙin Biyafara kuwa ya tsaya tare da gwamnatin tarayyar Najeriya, alhali Faransa ta karkata ga ɗaya ɓangaren. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne ga ƙasar da ke jiran tallafin Faris.

Akwai abubuwa biyu da mu ma'aikatan rediyo muke alfahari da su. Na farko ƙungiyoyin masu sauraro da anka fara a 1962, waɗanda ake kira radiyo-kulob. Da dare mutanen gari su taru gindin akwatin rediyo, su saurari shiri kan noma ko lafiya ko aure, su yi muhawara, mai kula da kulob ya naɗi muryoyinsu a faifai ya aika Yamai, a sake watsa su da Hausa da Zabarmanci. Manomi ya ji muryarsa a rediyon gwamnati! Na biyu shirin wayar da kan karkara da anka gwada a yankin Matamaye da Magariya, inda ƙauye ke zaɓen mutanensa a horar da su, har anka kai ga manoma na riƙe kasuwar gujiyarsu da kansu, su auna, su rubuta, su biya. Waɗannan hanyoyi ne da gwamnati za ta iya jin talaka da su. Abin takaici, duk inda talaka ya fara tambayar ina kuɗin lanho ke tafiya, ko don mi sikeli ke cin awo, sai shirin ya yi karo da ƴan kwamitin jam'iyya da wasu masu sarauta. A irin wannan karo kuwa an san wanda ke faɗuwa.

Gujiya da lanho

Gwamnati ba ta tafiya sai da kuɗi. A shekarun 1960 kuɗin Nijar daga wuri biyu suke fitowa: gujiya da bisashe a kasuwar waje, lanho da jangali a cikin gida. Gujiya ita kaɗai ta fi rabin abin da ƙasar ke sayarwa a ƙetare, kuma daga gonakin Maraɗi da Damagaram take fitowa. Alhazan Maraɗi da yawa a kanta sunka fara tara jari. Hanyarta zuwa teku biyu ce: ta Kano zuwa Legas, ko a mota zuwa Paraku, daga nan jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano.

Wannan ginshiƙi ya fara girgiza tun kafin fari. Faransa ta saba sayen gujiyarmu da farashin da ya ɗara na kasuwar duniya, amma da ta shiga kasuwar tarayyar Turai anka janye wannan rangwame sannu a hankali, kafin ƙarshen shekarun 1960 ya ƙare. Yaƙin Najeriya na 1967 zuwa 1970 kuma ya dagula hanyar Legas. Kuɗin shiga na raguwa, alhali ma'aikata na ƙaruwa, ga ofisoshi, ga motoci, ga jakadu. Ina za a cike? Sai anka juya ga wanda ba ya iya gudu, wato talaka. Lanho ya yi ta hawa.

Duk wanda ke da kaka a ƙauye ya ji yadda ake karɓarsa. Da an gama girbi takarda za ta sauko daga sufurefe zuwa sarkin kanto, daga shi zuwa mai gari, mai gari ya bi gida gida. Kai ake ƙirgawa, ba abin da gona ta bayar ba. Wanda ya mutu ko ya tafi cirani, in sunansa na cikin littafi, sai an biya masa har ranar da anka sake ƙidaya. Wani dattijo da munka zanta da shi a wani ƙauye na arewacin Maraɗi ya ce mana shi bai taɓa ganin malamin asibiti a garinsu ba sai da ya yi aure, amma bai tuna shekara guda da gardi bai zo ba. Wanda bai da kuɗi ya saida akuya, in babu akuya ya buɗe rumbu ya saida hatsin da iyali za su ci da bazara, a lokacin da hatsi ya fi araha. In ya gaza, a shanya shi a rana ƙofar fada.

Ku riƙe wannan hoto, don shi ne zuciyar zancen. Gwamnatin tana da hannun da ke kaiwa kowace bukka in karɓa za a yi. Hannun bayarwa kuwa bai wuce manyan garuruwa ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. An ci ladan shekara da shekaru, askin ne bai zo ba.

Gwamnatin da ke jin muryarta ita kaɗai

Ta fannin tsaro ma hannun yana da ƙarfi. A Disamba 1963 an murƙushe boren wasu sojoji a Yamai. A ƙarshen 1964 ƴan Sawaba da sunka samu horo a waje sunka kutso da makamai ta kan iyakoki, anka fatattake su, anka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A Afrilu 1965 an jefa ma Diori gurneti a filin idin babbar salla, ya tsira. Daga nan kame ya tsananta, ƴan sa-kai na jam'iyya sunka cika gari, mutum ya koyi kame bakinsa ko a gaban maƙwabci. A zaɓen 1965 da na 1970 ɗan takara ɗaya ne, jerin ƴan majalisa ɗaya ne, sakamako kuma ya haura 99 cikin 100.

A ido, an samu kwanciyar hankali. Togo ta ga juyin mulki a 1963, Dahome ma haka, Haute-Volta da Najeriya da Gana a 1966, Mali a 1968, Nijar kuwa tsit. Amma shirun nan yana da tsada. In babu ɗan adawa a majalisa, babu jaridar da ba ta gwamnati ba, sufurefe kuma ya san rahoto mai daɗi ne ke kawo ƙarin girma, to ta ina mugun labari zai kai fadar shugaban ƙasa? Mai gari na tsoron sarki, sarki na tsoron sufurefe, sufurefe na tsoron minista. Kowane mataki sai ya rage ma gaskiya ɗaci, kafin ta isa Yamai ta zama zuma.

Ranar jarrabawa

Daga 1968 ruwan sama ya fara ja da baya a duk yankin Sahel. Shekara ta yi dama-dama, ta gaba ta ɓaci, har anka kai 1972 da 1973 inda abin ya zama bala'i. Rijiyoyi sunka ƙafe, ciyawa ta ƙare, garkunan Fulani da Buzaye sunka zube a hanya. Mutanen da jiya ke da raƙuma da shanu sunka gangaro kudu hannu wofi, dubbai sunka taru a sansanin Lazare a bakin Yamai, wasu sunka cika gefen Maraɗi, Tawa da Damagaram, wasu sunka wuce Najeriya.

Fari daga Allah ne, kuma ƙasar ga ta san shi tun kafin Kakalaba ta 1914. Amma kafin fari ya zama yunwar da ke kisa, sai wasu abubuwa na hannun mutum sun gaza. Na farko ajiya. Bayan yunwar 1931 Nasara ya tilasta rumbunan tsimi a ƙauyuka. Jama'a sun tsane su saboda zaluncin da ke ciki, da siyasa ta zo anka yi watsi da su, ba a kuwa maye gurbinsu da wani abu mai ƙarfi ba. OPVN, hukumar da anka ɗora ma ajiyar abinci, sai a 1970 anka kafa ta, fari ya riga ya shigo gida. Na biyu labari: an daɗe ba a san girman abin ba, an kuma daɗe ba a so a faɗa ba. Na uku hanya. Ko da taimakon ƙasashen waje ya iso, sai ya taru a tashoshin jiragen ruwa na bakin teku, jirgin ƙasa ya tsaya a Paraku, motoci ba su isa ba, hanyoyin arewa rairayi ne. Na huɗu amana. Magana ta bazu ko'ina cewa wasu manya na karkatar da hatsin taimako suna saidawa, alhali sabbin gidaje na tashi a unguwar Plato ana ba Turawa haya. A wurare da yawa kuma, cikin wannan hali, ba a daina neman lanho ba.

Ɗalibai da malamai sunka shiga yajin aiki da zanga-zanga. Sojoji kuwa, da su ake aikawa karɓar haraji da rakiyar kayan agaji, sun ga komi da idonsu, kuma su ma ɗiyan ƙauye ne.

Diori yana da fata guda: uraniyom. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ma'adinin Arlit ya fara fita a 1971. Da farashin man fetur ya yi tsalle a 1973, Faransa ta ƙudura dogara ga wutar nukiliya, shi kuma ya nemi a ƙara ma uraniyom daraja. An zauna tattaunawa a Yamai cikin Maris 1974 ba a gama ba, shugaba Pompidou ya rasu ranar 2 ga Afrilu. Daren 14 wayewar 15 ga Afrilu 1974 soja ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kountché sunka ƙwace mulki. An kashe mutane a fadar, ciki har da uwargidan shugaban, Hajiya Aïssa Diori. Sojan Faransa da ke Yamai ba su motsa ba, kuma har yau masana na gardama kan dalili. Abin da babu gardama a kansa shi ne, jam'iyyar da ta ci 99 cikin 100 shekara huɗu kafin nan, ba a ga talakawa sun fito kare ta ba. Diori ya yi shekaru a tsare, ya rasu a Rabat a 1989.

Abin da Kountché ya fara yi ya nuna inda ciwon yake. Ya sa motocin soja jigilar hatsi, ya yi alƙawarin ba wanda zai sake mutuwa da yunwa, ya saki fursunonin siyasa, ya sallami sojan Faransa. Da kuɗin uraniyom sunka shigo, kafin shekarun 1970 su ƙare anka ɗauke ma talaka lanhon da ke zuwa baitulmalin ƙasa. Sai dai shi ma nasa mulkin bai bar bakin kowa a buɗe ba, kuma an sauya ginshiƙi ɗaya da wani ginshiƙi ɗaya ne: jiya gujiya, yau uraniyom. Da farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, ga yunwar El Buhari ta 1984, sai bashi da tsuke bakin aljihu sunka biyo baya, da yawa daga kamfanonin da anka kafa bayan ƴanci, har da SONARA da BDRN, sunka rushe.

Ko dole ne abin ya zama haka?

Talauci da fari kaɗai ba su isa bayani ba. Mu leƙa kudancin Afirka, ƙasar Botswana, wadda ta samu ƴanci daga Ingila a 1966. Ita ma ba ta da teku, hamada ta cinye yawancinta, dukiyarta shanu ce, kuma cikin fari ta karɓi mulki. Kwaltarta a lokacin kilomita 12 ce, masu digirin jami'a 22. Ita ma da ma'aikatan aro ta fara. Ma'adininta na lu'ulu'u a Orapa ya fara aiki a 1971, shekara ɗaya da Arlit. Amma shugabanta Seretse Khama ya bar jam'iyyun adawa suna takara, an ci gaba da zaman dandalin gargajiya inda talaka ke tashi ya tambayi sarki da minista, an maye gurbin Turawa sannu a hankali bisa cancanta, kuɗin ma'adini kuma ya shiga hanyoyi, makarantu da ajiya. Da fari mai tsanani ya same su a shekarun 1980, bai zama yunwar kisa ba. Soja bai taɓa yin juyin mulki a can ba.

Gaskiya ne mutanensu ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na namu ba a lokacin, kuma lu'ulu'u ya fi uraniyom riba. Ba mu ce da an kwafi nasu da mun zama su ba. Abin da misalin ke nunawa shi ne, ƙasa na iya farawa da hannu wofi ta gina gwamnati mai aiki, in ba ta zubar da ƴan masu iliminta saboda siyasa ba, in kuma ta bar ƙofar da mugun labari zai shigo.

Ma'aunin da ya rage mana

Bayan 1974 mun ga juyin mulki a 1996, 1999, 2010 da 2023, mun ga jamhuriya bayan jamhuriya, farar hula da masu kaki. Ba mu zo yau don mu yanke ma kowa hukunci ba. Amma tarihin shekarun nan 14 ya bar mana ma'auni da za mu iya ɗora kowace gwamnati a kai, ta jiya, ta yau ko ta gobe, tun daga fadar shugaban ƙasa har ofishin magajin gari. In damina ta ɓaci a wani ƙauye na Dakoro ko Tanut, kwana nawa labarin ke yi kafin ya kai ga mai yanke shawara, kuma yana isa yadda yake? In an ce akwai hatsi a sito, akwai shi da gaske, kuma akwai motar da za ta kai shi? Malamin da anka tura ƙauye yana cikin aji, an biya shi? Wanda anka naɗa a kujera, iya aiki ya kai shi ko katin jam'iyya? Mai karɓar haraji a kasuwa, in ya tafi, wa ke biyo bayansa da abin da anka yi da kuɗin?

Ɗiyaucin ƙasa ana shelarsa a rana ɗaya, kuma iyayenmu sun yi wannan a 1960. Ma'aikaci mai amana, da sito mai hatsi, da hanyar da ke kaiwa ƙauye, su kam shekaru suke ci, kuma aikin bai ƙare ba.

Dattawan da sunka ga wannan zamani suna nan da ransu a gidajenmu, amma kullum raguwa suke. Ku zauna da su ku tambaye su: nawa ne lanho a shekarar da sunka yi aure, mi sunka saida don su biya, wa ya kawo musu hatsi a 1973, wa ya hana su. Abin da kunka ji ku aiko mana, da sunan garin, za mu karanta a shirinmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba ƙasarmu shugabanni masu jin kukan talaka. Amin.